Wai wannan zafin na Oktoba lafiya kuwa? Daga zauren Hausawa mazauna Birtaniya

Lahadi, 8 ga Oktoba 2023

Ɗan Fagge (Coventry): Assalamu alaikum mutanen gida. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a yi min dariya. Tun ina Kano ake razana ni da sanyin ƙasar nan, har Hajiyarmu ta cusa min barguna biyu a akwati sai da na biya kuɗin ƙarin kaya. To ga shi mun shiga Oktoba, yau da 'yar shara na fita na dawo ina gumi. Jiya da taga a buɗe na kwana. Shin sanyin nan akwai shi kuwa, ko dai na gaba ne ke kambama abin don a ce suna shan wuya? Akwai fam 70 da na ware don rigar sanyi, ina so in karkatar da su wajen shinkafa da mai.

Baban Sadiq (Bamingham): Wa alaikumus salam. Yaro, bar kuɗin nan inda suke. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Uwargida (Landan): Ƙanena ba kai kaɗai ba. Mu ma yanzu muka dawo daga filin shaƙatawa da yara. Turawa sun baje a kan ciyawa kamar ana biki, wasu na gasa nama, mai motar askirim da na ɗauka ya rufe sai baɗi ya sake fitowa, layi har bakin titi. Abin mamaki ganye ya fara ja yana zuba, kana taka shi kana share gumi. An ce a Kew da ke yammacin Landan ma'auni ya kai digiri 25.8 yau. A Oktoba fa, watan da aka saba ganin 15 ko 16.

Maman Ilham (Glasgow): Kai jama'a! Wai duk a ƙasa ɗaya muke da ku? Ku kuna shan askirim, mu nan Sikotlan tun daren Juma'a sama ta ɓalle. Jiya da safe na fito zan tafi aiki, ganyen da ya zubo ya toshe magudanar bakin layinmu, ruwa ya taru har idon sawu. Na tsaya ina neman inda zan taka, wata bas ta zo ta watsa min shi tun daga kafaɗa. Lema kuwa iska ta juye ta, ƙarafunan suka miƙe sama, a kwandon sharar tasha na bar ta. Da jiƙaƙƙiyar safa na yi aikin awa goma sha biyu. An soke jiragen ƙasa da yawa, masu zuwa daga Ingila ma an ce su haƙura. A hanyar A83 ta yankin Argyll da ke yammacin Sikotlan ƙasa ta zaftare ta rufe titi, mutum goma sai da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke su. Ɗan Fagge, in sanyi da ruwa kake nema zo in ba ka masauki.

Injiniya (Aberdeen): Maman Ilham ta faɗi gaskiya. Gargaɗin ruwan goro hukumar yanayi ta sa wa yankuna da dama a nan, wanda daga shi sai ja. Sabbin zuwa ku riƙe wannan: rawaya, a yi hattara, ruwan goro, a sake shirin tafiya, ja, rai na cikin haɗari, a zauna a gida.

Ɗan Fagge (Coventry): Allah ya kyauta Anti, sannu. Amma ai ku can arewa ne. Mu nan tsakiya lafiya lau.

'Yar Zariya (Reading): Bari in sa baki tunda abin da nake karanta kenan. Zafinku da ruwansu Maman Ilham abu ɗaya ne, ba biyu ba. A yanzu akwai iska mai nauyi da ta zauna daram a kan Faransa da kudancin Ingila, tana hana girgije haɗuwa, tana kuma jawo iska mai ɗumi daga wajen Sifaniya da arewacin Afirka. A can arewa kuma akwai iska mai sanyi da ke gangarowa daga wajen Iceland. Inda suka haɗu akwai layi, kuma layin nan ya tsaya cak a kan Sikotlan ya ƙi gaba ya ƙi baya. Iskar ɗumin ta biyo ta kan Tekun Atlantika ta kwaso tururi, ta zo ta hau kan ta sanyin, ga kuma duwatsun yammacin Sikotlan suna ƙara tura ta sama. Iska in ta hau sama sai ta huce, in ta huce ba ta iya riƙe ruwan da ke cikinta, sai ta sauke. Tunda layin bai motsa ba, wuri ɗaya yake ta sha.

Abin da nake so Ɗan Fagge ya gane shi ne layin nan ba zai dawwama a can ba. Hasashe ya nuna zai gangaro kudu kafin ƙarshen mako. Ranar da ya ratsa ta kanka za ka sha ruwa, bayansa kuma iska za ta juyo daga arewa.

Ɗan Fagge (Coventry): Wato kamar zafin kaka na gida kenan, wanda ake yi bayan ɗaukewar damina kafin hunturu ya shigo?

Kawu (Kano): To ai ga mu a cikinsa ɗana. Da rana 34, 35, ga sauro, ga wuta babu. An gama yankan gero, dawa da wake ake jira. Ku da 25 kuke kuka.

'Yar Zariya (Reading): Barka da yamma Kawu. A ido sun yi kama, amma dalilin daban ne. Na gida duk shekara ana yinsa, an san lokacinsa: girgije ya janye, rana tana dukan ƙasa kai tsaye, ga sauran laima a iska, iskar arewa maso gabas mai ƙura kuma ba ta iso ba sai wajen Nuwamba. A hankali yake sauka, mako bayan mako. Na nan ba shi da wannan ladabin. Aro ne aka yi daga Sifaniya, kuma a dare ɗaya mai abu yake karɓe abinsa.

Ɗan Damagaram (Lyon): Gaskiya ne, daga wajenmu yake zuwa muku. Nan Faransa ba a taɓa auna Satumba mai zafin na bana ba. A Sifaniya kuwa ran 1 ga watan nan garin Montoro da ke kusa da Cordoba ya kai 38.2. Ina aiki da wani dattijo manomin inabi, ya ce shi abin ba ya ba shi daɗi ko kaɗan, ƙasa ta bushe ta yi tauri, ranar da ruwa mai ƙarfi zai zo ba shiga zai yi ba, gudu zai yi a kai.

Baban Sadiq (Bamingham): Duk na ji bayaninku, amma kada a mai da shi wani sabon abu. Ina tuƙin tasi a garin nan aka yi na 2011. Ran 1 ga Oktoba aka auna digiri 29.9 a garin Gravesend da ke gabas da Landan, har yau ba a karya wannan tarihin na Oktoba ba. Kafin shi ma akwai na 1985. Turawan da nake ɗauka tsofaffi sun san irin wannan ɗan zafin na kaka tun suna yara. Yanzu ne dai komai aka yi sai a ce sauyin yanayi. Rana ta fito, sauyin yanayi. Ruwa ya sauka, sauyin yanayi. Ina ce Yuli da Agustan bana ruwa muka yi ta sha, har yara suka gama hutu ba su ga rana ba?

'Yar Zariya (Reading): Baba, ran ka ya daɗe, rabin maganarka na yarda da ita. Rana ɗaya mai zafi ba hujja ba ce, kuma ko babu hayaƙin masana'antu za a riƙa samun irin wannan makon jefi-jefi. Amma a duba jerin. Ran 19 ga Yulin 2022 aka kai 40.3 a Coningsby da ke gabashin Ingila, karon farko da ƙasar nan ta haura 40. Shekarar 2022 gaba ɗayanta ita ce mafi zafi da aka rubuta a ƙasar nan zuwa bana. Yunin bana ya karya tarihin Yuni. A Satumbar da ta wuce kwana bakwai a jere ana haura 30, abin da ba a taɓa gani ba a Satumba, watan kuma ya yi kunnen doki da na 2006. Ba nan kaɗai ba, cibiyar Copernicus ta Turai ta fitar a makon nan cewa a duniya baki ɗaya ba a taɓa auna Satumba kamar ta bana ba. Ruwan tekun da ke kewaye da mu ma ya yi ɗumin da ba a saba ba tun watan Yuni.

Inda abin ya shafi Maman Ilham shi ne, duk digiri ɗaya da iska ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100. Layin zai zo ko da sauyi ko babu. Abin da ya sauya shi ne yawan ruwan da yake ɗauke da shi.

Baban Sadiq (Bamingham): Ba an ce bana akwai wannan ɗumamar ruwan tekun Pasifik ba, El Nino? Shi ma ai yana ƙara zafi, kuma ba mutum ya kawo shi ba.

'Yar Zariya (Reading): Akwai shi Baba, kuma yana taimakawa. Sai dai an sha yin El Nino a baya ba a kai nan ba. A kan tudun da aka riga aka tara ya zo ya hau.

Abu Maryam (Manchesta): Ni dai abin da ke damuna da irin wannan hira shi ne a yi ta iska ta yi kaza, layi ya yi kaza, ba a ambaci Mai iskar ba. Ruwa da rana na Allah ne. Sau nawa masu hasashen nan suka ce za a yi ruwa aka wuni rana ƙwal?

Injiniya (Aberdeen): Malam, ba wanda ya yi musun wannan. Amma ai a Suratur Rum ma an ambaci iskoki da ake aikowa su tayar da girgije. Sanin sababi bai kore Mai sababin ba. Ni a teku nake aiki, in aka ce iska za ta kai kaza jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi, kuma ba wanda ke cewa an yi shisshigi. Hasashen kwana biyu zuwa uku a ƙasar nan da wuya ya kuskure da yawa. Na kwana goma ne ake kame-kame.

Abu Maryam (Manchesta): To a riƙa sa in sha Allah. Shi ke nan maganata.

'Yar Zariya (Reading): In sha Allah Malam, Juma'a Ɗan Fagge zai jiƙe.

Uwargida (Landan): Hahaha, 'Yar Zariya ba ki da dama.

Maman Ilham (Glasgow): Ni ku bar batun wa ya kawo zafi, ku ji abin da ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Irin wannan sauyin na kwatsam shi ke cika mana asibiti. Mutum ya saba fita da riga ɗaya, ya fita da safe garau, ya dawo da dare cikin ruwa da iska, ya kwana a ɗakin da ba a kunna hita ba. Masu asma da tsofaffi su ne farkon zuwa. Masu sikila kuma don Allah ku kula, sanyi da jiƙewa na tayar da ciwon, kuma mu ne muka fi yawan masu ita. An fara allurar mura, wanda ya cancanta ya je. Hukumar lafiya kuma tana ba kowa shawarar shan bitamin D daga kaka zuwa ƙarshen sanyi, mu masu baƙar fata ma duk shekara, don ranar nan ba ta isar mu.

Admin: Na maƙala saƙon Maman Ilham a sama. A ci gaba, amma ban da tura bidiyon da ba a san asalinsa ba. Wanda aka turo ɗazu na motoci a ruwa ba Sikotlan ba ne.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Ɗan Fagge (Coventry): Jama'a tun jiya ruwa ake. Ba irin namu ba ne da zai zo da tsawa ya yi awa ɗaya ya wuce. Wannan ba ya gaggawa, kuma ba ya gajiya. Kayan da na wanke tun Laraba har yanzu ba su bushe ba, na baza su a kan ƙofa da kujera, ɗakin sai wani wari yake.

Uwargida (Landan): Kul! Kada ka saba shanya a ɗaki taga a rufe. Ruwan da ke fita daga kayan nan bango yake shiga. Duba bayan gadonka da kusurwar taga, in ka ga baƙin ɗigo-ɗigo to fumfuna ce ta fara. Ni gidan da muka fara zama, sai da na janye kwabar kaya na tarar bangon ya yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har tsayin gwiwa, takalman sallar yara duk sun yi gashi fari. Mai gidan ya ce wai girkinmu ne ya yi yawa. Ka riƙa buɗe taga ko na minti goma da safe, ka goge ruwan da ke kwanciya a gilashi, in kana girki ka rufe tukunya. In akwai shagon wanki kusa da kai, kai kayan injin busarwa, fam biyu ko uku ne.

Maman Ilham (Glasgow): Kuma ba abin wasa ba ne. Kun tuna yaron nan ɗan shekara biyu na Rochdale, iyayensa 'yan Sudan, da ya rasu a 2020? Bincike ya tabbatar fumfunar gidansu ce ta lalata masa numfashi. In mai gida ya ƙi gyara, a rubuta masa a ajiye shaida, a ɗauki hoto, a kai ƙara ƙaramar hukuma.

Baban Sadiq (Bamingham): Masu mota kuma a yi a hankali. Ganye jiƙaƙƙe a kan kwalta ya fi man inji santsi. Ɗazu a gabana wani ya taka birki a shatale-tale motar ta yi ta tafiya abinta. In kun ga ruwa ya kwanta a ƙarƙashin gada kada ku ce bari in gwada, injin na shaƙar ruwa an gama, kuma ba kowane inshora ke biya ba.

'Yar Zariya (Reading): Wannan shi ne layin da na ce, yana ratsa ku yanzu. Iskar sanyi ta fi nauyi, don haka ta ƙasa take kutsowa tana ɗaga ta ɗumin sama, shi ne ruwan. Ku lura da abu uku in ya wuce: iska za ta juya ta koma daga arewa, sama za ta washe tas, sannan dare zai yi sanyi sosai saboda babu girgijen da zai tare ɗumin ƙasa. Gobe za ku ga rana kyakkyawa ta taga, kada ta ruɗe ku. Af, Baba, hukumar yanayi ta ce ranakun 6 da 7 ga wata su ne kwana biyu mafi ruwa da aka taɓa aunawa a Sikotlan tun 1891.

Baban Sadiq (Bamingham): Na ji 'yata. Ni dai har yanzu 29.9 ɗina na nan ba a taɓa shi ba.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Injiniya (Aberdeen): Barkanmu da asuba. Wa ya fita sallah a mota yau?

Baban Sadiq (Bamingham): Ni. Raɓa ta daskare a gilashi fari fat, da katin banki na kankare don abin kankarar yana cikin but tun bara ban san inda ya shige ba. Yatsuna sai da suka daina jin komai. Sabbin zuwa, kada wanda ya zuba ruwan zafi a gilashin mota, tsagewa yake yi.

Ɗan Fagge (Coventry): Ina cikin barguna biyun Hajiya. Numfashina nake gani a cikin ɗaki. Abokan zamana sun ce ba za a kunna hita ba sai Nuwamba saboda kuɗin gas. Wannan ƙa'ida ce ko mugunta?

Uwargida (Landan): Talauci ne ƙanena. Bara gwamnati ta rage wa kowane gida fam 400 a kuɗin wuta, bana babu. Farashin ya ɗan sauka daga 1 ga Oktoba amma da ka cire wancan tallafin kusan duk ɗaya ne. Ku zauna ku yi magana, ko awa ɗaya da safe awa biyu da dare. Shawarar hukuma ɗaki kada ya gaza digiri 18. Ka sayi robar ruwan zafi ta runguma, ba ta da tsada.

Abu Maryam (Manchesta): Rigar sanyi kuma kada ka je manyan shaguna da fam 70 ɗinka. Shiga shagunan sadaka na gwanjo, musamman na unguwannin masu kuɗi, za ka samu mai kyau a fam 15 ko 20. Ka nemi mai hula wadda ruwa ba ya ratsawa, ka sayi takalmi mai rufi, ragowar ka sayi shinkafarka. Sannan a tuna ran 29 ga wata za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, magariba za ta dawo kafin ƙarfe biyar. Masu aiki a tsara yadda za a yi da azahar da la'asar tun yanzu.

Injiniya (Aberdeen): Ku da sauƙi. Mu a Disamba uku da rabi rana ta faɗi.

Kawu (Kano): Uku da rabi? To azumin nafila ai sai ku.

Talata, 17 ga Oktoba

Injiniya (Aberdeen): Sanarwa ga mutanen Aberdeen da Dundee. Hukumar yanayi ta raɗa wa guguwar da ke tafe suna Babet, kuma wannan karon gabashin Sikotlan ta nufa, daga Alhamis zuwa Asabar. Ƙasa ba ta gama shanye ruwan kwanakin baya ba, koguna a cike suke. Mun yi shawara da masu jego, walimar sunan da aka sa ranar Asabar an ɗaga ta sai abin da hali ya yi. Masu niyyar tahowa daga Glasgow da Edinburgh kada ku sayi tikiti.

'Yar Zariya (Reading): Wannan daga kudu maso yamma take tahowa, ta wajen Fotugal, ɗauke da ruwa mai yawa, kuma iskar za ta riƙa turo shi daga teku zuwa kan tudun Angus da Aberdeenshire. Wanda gidansa ke kusa da kogi ya kwashe takardu da fasfo ya kai sama, ya yi cajin waya.

Maman Ilham (Glasgow): Allah ya tsare. Injiniya, to naman da aka riga aka saya fa? Ni an ce in yi waina ta mutum hamsin, har na jiƙa shinkafa.

Injiniya (Aberdeen): Nama an raba shi firiza uku. Shinkafarki kuwa Hajiya sai dai mutanen Glasgow su taimaka miki da ci.

Maman Ilham (Glasgow): To duk wanda ke kusa ya zo gobe bayan la'asar da kwanonsa. Miyar taushe ce, amma kowa ya zo da nasa yajin.